Yadda ake haɗa ɗan katun na talla, da yadda za ka gane wa kake yi wa tallan tun kafin ka fara zane

Kusan duk wanda ya zo da maganar katun na talla abu ɗaya yake fara cewa, "ni dai a zana min wani abu mai kyau mai motsi wanda mutane za su so." In ka ce masa to ranka ya daɗe su waye masu sayen kayan naka, sai ya ce ai kowa da kowa. Toh wallahi daga nan aikin yake fara karkacewa tun ba a ɗauki fensir ba, saboda kai mai zane ba ka san ko tsoho za ka zana ba ko yaro, ba ka san da wace irin Hausa zai yi magana ba, ba ka ma san ko a waya za a kalle shi ko a talabijin ba. Shi ya sa a wannan jagorar zanen ba shi ne farko ba.

Don kada maganar ta zama a iska, bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wata hajiya ce a Kano take haɗa garin kunun gyaɗa tana ƙullawa a leda mai tambari, tana da lambar NAFDAC ɗinta, tana son bidiyo na daƙiƙa 20.

Mataki na farko: wa ke sha, wa ke zaɓa, wa ke biya

A gidajenmu sau da yawa waɗannan mutum uku ne daban. Maigida shi ke ba da kuɗin cefane, uwargida ita ke cewa ga abin da za a sayo, yaro shi ake aika shago kuma shi zai sha kunun da safe kafin ya tafi makaranta. Kaga kenan in ka yi katun ɗin da yaro kaɗai zai so, zai yi ta dariya amma ba shi da ko sisi. In ka yi wa maigida, shi bai ma san wane gari ake damawa a gidansa ba, kofi kawai ake miƙo masa. Wadda za ka hara ita ce uwar, sai ka bar wa yaron abu ɗaya tak, wato ya iya riƙe sunan kayan ko kamannin ledar in an aike shi, ya je ya ce "mai shago a ba ni mai hoton ɗan katun ɗin nan."

Ta yaya za ka san wannan ba da ka ba? Ka tashi ka je. Ka zauna wajen mai shago biyu ko uku da suke sayar da kayan, ka sayi lemo ka yi hira, ka tambaye su wa ya fi zuwa saya, da wane lokaci, kuma in babu wannan wanne suke ɗauka. Ka ce hajiya ta nuna maka irin saƙonnin da kastomomi suke turo mata a WhatsApp, ba sai ka ga sunan kowa ba, tambayoyin kake so. In ka ga ana ta maimaita "akwai suga a ciki?" ko "yaro ɗan wata nawa zai iya sha?" toh ka samu abin da tallan zai amsa. In tana da shafin Facebook ko Instagram na kasuwanci, a cikin Meta Business Suite, wato manhajar kula da shafin kasuwanci ta kamfanin Meta mai Facebook da Instagram, akwai inda yake nuna shekarun mabiya da maza ne ko mata da garuruwan da suka fi yawa, ka duba, amma kada ka ɗauka mabiya su ne masu saye, wani lokacin rabinsu ƴan uwa ne da ƙawaye.

Daga nan ka ɗauki takarda ka rubuta mutum ɗaya, ba taro ba. Misali: mace ce mai shekara talatin da wani abu, ƴaƴa uku, tana zaune a Hotoro ko Rijiyar Zaki, tana ɗan saye da sayarwa a sitatus, wayarta Tecno ce ko Itel, datar sati take saka, ta fi riƙe waya bayan an sallami yara da kuma bayan isha'i, abin da ya fi damunta da safe shi ne lokaci, ga surfe ga kai markaɗe ga yara suna kuka. Wannan takardar ka manna ta a bango, duk shawarar da za ka yanke daga baya ita za ka riƙa tambaya.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Na ɗaya karatu, ba kowa ne zai bi rubutun boko mai gudu a kan allo ba, saboda haka saƙon ya kasance a murya da hoto, rubutu ya zama ƙari. Na biyu karin harshe da lissafin kuɗi. Kananci kusan kowa na ji, amma in kasuwarka Sakkwato ce ko Katsina, ɗan katun da ya saki Sakkwatanci ko Katsinanci zai fi shiga rai nesa ba kusa ba. In kuma kayan suna tsallakawa Maraɗi ko Damagaram, ka tuna can da sefa ake ciniki kuma da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1000, in ka ce "ɗari" abin da mai saurare zai lissafa daban ne da na mutumin Kano.

Mataki na biyu: mutum ne, dabba ce, ko kaya?

Wannan sana'a ta daɗe. Mutumin tayoyin nan na Michelin tun 1898 yake aiki, damisar kamfanin abincin karin kumallo na Kellogg's mai suna Tony tun 1952, a nan gida kuma duk wanda ya taso da Indomie ya san jaruman katun ɗinsu da ake kira Indomitables. Amfaninsu a fili yake, ɗan katun ba ya tsufa, ba ya ƙara kuɗi in ya yi suna, ba ya yin abin kunya a soshiyal midiya ya ja wa kaya baƙin jini.

Sai dai kada ka kwafo dabba daga waje ba tare da ka tambayi abin da take nufi a wajenmu ba. Manhajar Duolingo mujiya ce tambarinta, su Turawa a wajensu alamar ilimi ce, mu kuwa in aka ce wane yana da jinin mujiya kowa ya san ba yabo ba ne, ka ɗora mujiya a kan abincin jarirai ka ga yadda iyaye mata za su yi da kai. Gizo kowa na sonsa a tatsuniya amma macuci ne, zai yi daɗi a tallan alawa, ba zai yi ba a tallan adashe ko banki. Kura kwaɗayi da wauta, dila wayo, zaki sarauta da kwarjini, raƙumi haƙuri da doguwar tafiya, shi ya sa zai dace da mai sayar da batir ko taya. Kare da alade a kan abinci kuwa ba sai na faɗa ba.

Akwai kuma maganar hoton mai rai, wasu kastomomin da wasu masu kallo ba sa sakin jiki da shi saboda fahimtarsu ta addini, ka tuna a 2021 Hisbah ta Kano ta sanar da hana amfani da mutum-mutumin da teloli da masu shago suke rataya wa kaya. Ka tambayi mai kayan tun farko ina ya tsaya, kada sai ka gama sati uku kana aiki ya ce ai shi malaminsa ya ce a cire idanun.

Ga hajiyarmu ni ludayi zan zaɓa, na duma ɗin nan da ake shan koko da fura. Dalilina: duk Bahaushe yana ganinsa ya tuna kunu ba sai an yi bayani ba, kansa zagayayye ne ya isa a sa fuska, mariƙinsa ya zama jiki, kuma yaro ɗan firamare zai iya zana shi a bayan littafi. Mu kira shi Ɗan Ludayi.

Mataki na uku: hali kafin kama

Kafin ka zana ka rubuta halinsa a layi uku ko huɗu. Ɗan Ludayi mai rawar kai ne, kullum cikin sauri, yana ji da kansa cewa shi ne ya fi kowa sanin kunu a kicin, aibinsa kuma ba ya iya haƙuri sai ya ɗanɗana tun kunun na da zafi ya ƙone. Wannan aibin kada ka raina shi, a nan dariyar take, kuma shi zai ba ka talla na biyu da na uku ba tare da ka sake fasa kai ba. Ɗan katun da ba shi da laifi ko ɗaya, kullum murmushi yana ɗaga babban yatsa, ba wanda yake tuna shi.

Ka ba shi sara guda, gajeriya wadda yara za su ɗauka, kamar "a dama, a sha, a tafi!" Ka faɗe ta da ƙarfi sau goma, in ta gundure ka a na biyar ka canza.

Mataki na huɗu: zane

Ka fara da takarda da biro, ƙanana ƙanana kamar ashirin ko talatin, kada ka tsaya gyara. Siffa tana magana tun kafin fuska, abu mai zagaye yana nuna taushi da sauƙin kai, mai kusurwa huɗu ƙarfi da amana, mai tsini sauri ko mugunta. Ka zaɓi uku ka yi musu gwajin inuwa, wato ka cike su da baƙi gaba ɗaya ka nuna wa wani, in bai ce ludayi ba ne daga inuwar kaɗai toh da sauran aiki. Sai gwajin ƙanƙanta, ka rage shi ya koma girman hoton furofayil na WhatsApp, in idanun sun ɓace ka ƙara musu girma ka rage kwalliya.

Kala kada ta wuce uku ko huɗu, kuma ka ɗebo su daga jikin ledar kayan, don in matar nan ta shiga shago idonta ya haɗa katun ɗin da ledar da kansa. Ka rubuta lambar da manhajar zane ke ba kowace kala ka ajiye, ruwan ɗorawa kala-kala ne, in ka dogara da ido gobe wani za ka saka.

In da mutane a ciki, suturar ta zama ta gidan da kake nufi, uwa da atamfa da ɗankwali a cikin gida, mayafi ko hijabi in za ta fita, yaro da yunifom. Kuma don Allah ka kula da hannu. Ni na taɓa juya hoto a kwamfuta don ya dace da gefen da rubutu yake, ashe na mayar da yaro yana shan kunu da hagu, ban lura ba sai da mai kayan ta tura wa ƴan uwanta, saƙon farko da ya dawo kenan, ba wanda ya ce komai a kan motsin da na kwana ina yi.

Ka rufe wannan mataki da takardar kamanni: shi ta gaba, ta gefe, ta baya, sai fuskoki kamar shida, murna, mamaki, fushi, ƙuna, bacci, dariya. Mai kaya ya gani ya amince a rubuce kafin ka motsa komai.

Mataki na biyar: labari da murya

Daƙiƙa 20 saƙo ɗaya take ɗauka. Namu shi ne "kunu ba surfe ba markaɗe." Sai ka tsara: daƙiƙa ukun farko uwa ta kalli agogo yara na jan zaninta, Ɗan Ludayi ya faɗo daga kwando, tsakiya ya nuna a zuba gari a dama, ya ɗanɗana ya ƙone ya yi tsalle, ƙarshe leda ta cika allo da suna da lambar waya. Sunan kayan ya fito da wuri kuma a faɗe shi da baki aƙalla sau biyu, don akwai tallan da za ka ji kowa na ba da labarinsa amma ka tambayi na wane kaya ne a yi shiru, an yi tuya an manta da albasa.

Murya ake fara ɗauka kafin motsi, ba akasin haka ba. Ka karanta rubutun da agogo a hannu, in ya wuce lokaci ka yanke kalmomi, kada ka ce mai murya ya ƙara gudu. Ba sai ka je situdiyo ba in ba kuɗi, ɗaki mai katifa da labule ya isa, a kashe fanka, a jira maƙwabci ya kashe janareto, waya ta ɗan nisanci baki kamar taƙi ɗaya, sannan ka share hayaniya da manhajar gyaran sauti ta Audacity, kyauta ce. Kiɗa kuwa kada ka ɗauko waƙar wani mawaƙi ka ɗora, haƙƙinsa ne kuma Facebook na iya kashe sautin, ka samu mai kalangu ko mai fiyano ya buga maka naka, in kuma mutanen da kake nufi ba sa son kiɗa, tafi da muryoyin yara sun wadatar.

Mataki na shida: allon labari

Ka zana akwatuna takwas zuwa goma sha biyu, kowanne da abin da ke faruwa da maganar da ake yi a ƙasansa. Ka ɗauke su hoto ka jera a manhajar haɗa bidiyo ta CapCut a kan muryar, ka tura wa mai kaya. Gyara a nan minti goma ne, gyara bayan an yi motsi kwana uku ne.

Mataki na bakwai: motsi

Ga lissafin da ya kamata ka sani kafin ka faɗi farashi. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, masu katun da yawa suna zana 12 kowanne ya tsaya sau biyu. Daƙiƙa 20 sau 12 zane 240 kenan, in kowanne ya ci maka minti 10 ka ga awa 40, ban da fenti ban da bango. Wannan ita ce hanyar zana kowane hoto da hannu, ta fi rai amma ta fi cin lokaci, a waya akwai manhajar FlipaClip, a kwamfuta akwai Krita da Pencil2D da OpenToonz duk kyauta.

Hanya ta biyu ita ce ka yanka shi gaɓa-gaɓa, kai daban, hannu daban, ido da baki daban, ka saka masa ƙashi kamar ƴar tsana, sai ka riƙa nuna wa manhaja inda motsi ya fara da inda ya ƙare ita ta cike tsakiya. Manhajojin Moho da Toon Boom Harmony na kuɗi ne, Synfig kyauta, Blender ma kyauta kuma tun fitowar sigarsa ta 2.80 a 2019 ake zanen katun sosai a cikinsa da kayan zanensa mai suna Grease Pencil. Don talla ni wannan hanya ta biyu nake ba da shawara, wahalar sau ɗaya ce, in azumi ya zo hajiya ta ce a yi na buɗa baki ko na barka da sallah, ɗauko shi kawai za ka yi ka sa masa hula.

Tsofaffin ma'aikatan Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun tattara ƙa'idojin motsi 12 a littafinsu na 1981, amma in ka riƙe uku ma aikinka zai fita daga sahun na koyo. Kafin ya yi tsalle ya ɗan durƙusa tukuna, ido yana buƙatar sanarwa. In ya dira ya ɗan baje sannan ya miƙe, kamar ƙwallon roba. Kuma kada motsi ya tafi da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, ya fara a hankali ya yi sauri ya tsaya a hankali. Ka sa yana ƙifta ido lokaci lokaci, in ba haka ba sai ya zama kamar aljani.

Baki kuma siffa shida zuwa takwas sun isa: a rufe don m da b da ɓ, a wangale don a, a shimfiɗe don i da e, a zagaye don o da u, sai na hutu. Ga wani abu da darussan YouTube ba za su gaya maka ba, su suna zana f da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa saboda haka Bature yake furta ta, Bahaushe kuwa da leɓɓa biyu yake yinta, ka faɗi "fura" a gaban madubi ka gani. Manhajojin da ke daidaita baki da kansu yawanci da Turanci aka gina su, saboda haka ka bi da hannu ka gyara. Ka riƙa sebin, wato adana aikinka, kowane minti biyar, ka san halin wutarmu.

Mataki na takwas: fitarwa

Ka fitar da bidiyon a girma uku: a tsaye 1080 da 1920 don sitatus da TikTok da Reels, mai murabba'i 1080 da 1080 don shafin Facebook, a kwance 1920 da 1080 don YouTube da talabijin irin Arewa24. Ka tsara tun farko muhimmin abu ya zauna a tsakiya, kuma a na tsaye ka bar sama da ƙasa fili don rubutun manhaja yana rufe su. MP4, mara nauyi, ka tura wa kanka ta WhatsApp ka kalla a ƙaramar waya ba a laftof ɗinka ba.

Mataki na tara: gwaji da kai tallan inda suke

Ka nuna wa mata biyar irin wadda ke manne a bangonka, ba ƙannenka ba, kada ka yi bayani. Tambaya uku: me ake sayarwa, ya sunansa, a ina za ki samu. Ba "ya yi kyau?" ba, don kunya za ta sa kowa ya ce ya yi.

In za a biya Facebook ko Instagram, a Ads Manager, wato wajen tsara tallansu, ka zaɓi gari da faɗin kewayen da kayan ke iya kaiwa, ba amfanin mutumin Fatakwal ya gani alhali a Kano kaɗai ake rabawa, sai shekaru da jinsi, ka sa maɓallin ya kai mutum WhatsApp kai tsaye. Ka sani tun 2023 Meta ta taƙaita tallan da ake nufin ƴan ƙasa da 18 da shi, shekaru da wuri kawai ake iya zaɓa, wani dalilin kenan da ya sa uwar muke nufi. Ka saki tallan iri biyu da suka bambanta a abu ɗaya tak, misali farkon bidiyon, ka bar su kwanaki da kuɗi daidai. Ka duba nawa suka wuce daƙiƙa uku, nawa suka kai ƙarshe ko daƙiƙa 15 wanda suke kira ThruPlay, amma alƙalin gaskiya shi ne saƙo nawa ya shigo da katan nawa ya fita. Laik ba ya biyan kuɗin gyaɗa.

Kada kuma ka tsaya a nan. Guruf ɗin mata na unguwa da na Islamiyya da na biki suna kai kaya inda kuɗin talla bai kai ba. Ka yanka fuskokin nan shida ka mayar da su sitika na WhatsApp, girman 512 da 512, Ɗan Ludayi yana cewa "ina kwana" ko "sannu da aiki", ka ɗora shi a leda da fosta a ƙofar shago, muryar kuma ta tafi rediyo yadda take.

Mataki na goma: doka da mallaka

A Najeriya hukumar tallace-tallace ita ce ARCON, wadda ta gaji tsohuwar hukumar APCON da dokar 2022, kuma ƙa'ida ita ce a tantance talla kafin a sake shi, har da na intanet. Daga 1 ga Oktoba 2022 ta hana amfani da masu murya da ƴan talla na ƙasashen waje. Abinci da magani da kayan shafa kuma tallansu sai da amincewar NAFDAC, saboda haka kada Ɗan Ludayi ya buɗe baki ya ce kunun nan yana maganin basir ko yana sa yaro ya zo na ɗaya a aji, ko da hajiya ta nace.

Sai tsakaninka da mai kaya, a rubuta a takarda ko da shafi ɗaya ne: nawa ne, rabi kafin a fara, gyara sau nawa ne kyauta, kuma wa ya mallaki ɗan katun ɗin, bidiyon kaɗai ta saya ko har da shi kansa da fayilolin aiki, don farashin biyun ba ɗaya ba ne. In nata ne ka ba ta shawara ta yi masa rajistar tambari a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya a Abuja, rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa 14. In tana kai kaya Nijar ko Kamaru ko Chadi, can ta hannun OAPI ake yi, wato ƙungiyar rajistar tambari ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta rufe ƙasashen ƙungiyar. Ranar miƙa aiki ka haɗa mata folda ɗaya: bidiyon a girma uku, takardar kamanni, lambobin kala, muryar ita kaɗai, da hoton Ɗan Ludayi marar bango don mai buga leda, kai ma ka ajiye kwafi a wuri biyu.